Mafarkin da Dierickx Ya Yanke

Ba a gama kashe fitilun silimar ba Cyriel ya sake taɓo ta da gwiwar hannu.

"Godelieve, mu fita mu sha kofi mana. Fim ɗin nan kin kalle shi ya fi a ƙirga."

"Ban da wurin da aka yanke," ta ce. "In fitsari ne ya matse ka, ai ka san hanya."

Tsohon ya gyara zama. Shi ya riƙe kamara lokacin da aka ɗauki fim ɗin, yana saurayi, kuma cikin waɗanda suka yi aikin shi kaɗai ya rage a birnin Ghent.

Fim ne na ɗar-ɗar irin na da, baƙi da fari. An tsinci jariri a mace a wani gida, likita yana laluben wanda ya yi kisan. Marigayi mijin Godelieve, Wannes, aka ɗauka ya zana mafarkin da ke tsakiyar labarin, don yana cikin masu zanen nan da suka fi gaskata abin da aka gani a barci a kan na farke. Amma mafarkin bai taɓa fita ba. Mai kamfanin fim ɗin, Dierickx, ya sa almakashi ya datse shi, Wannes ya dawo gida yana hawaye. Tun ranar Godelieve ba ta ƙara gaishe da Dierickx ba, ko jana'izarsa ba ta leƙa ba. Ita ta addabi ma'aikatan adana finafinai da waya da sintiri har suka tono gwangwanin da aka ajiye wurin da aka yanke a wani sito. Sun so su nuna mata tun da wuri, ta ƙi. Ta ce tare da jama'a za ta ga aikin hannun mijinta.

Matar cikin fim, uwar jaririn, ta lumshe ido, kiɗa ya sauya. Sai ga matakala doguwa, matar tana hawa da kwanon wanka a hannu, an rufe shi da bargon jariri. Kowace ƙofa da ta wuce, kunnen mutum ne a wurin mariƙinta. A can sama mutane na zaune a teburin cin abinci, ba mai baki a cikinsu. Kafin matar ta ɗaga bargon, Godelieve ta riga ta san abin da ke ciki: ruwa, da takalmin saƙa ƙafa ɗaya yana yawo a kai.

Mafarkinta ne, ba a rage ko kunne ɗaya ba.

Wannes da abokansa suna da wata al'ada, wai mafarki a faɗe shi tun ƙafa ba ta taɓa ƙasa ba, in an sha kofi ya gudu. Kullum da safe yakan juyo ya ce, "Me kika gani?" Ita ko, sakarya, ta ɗauka so ne. Wannan mafarkin ta ba shi ne bayan ɗansu Joris ya mutu a gadonsa, ko zama bai fara ba, ya tafi ne wata rana da barci ya sace ta bayan cin abinci. Sau ɗaya ta faɗa, ya rungume ta ya ce ta manta. Ban da shi, ba ta taɓa gaya wa kowa ba, har mahaifiyarta.

A majigi likitan ya cire tabarau ya dubi ɗan sanda. "Mai irin wannan mafarkin," ya ce, "ta san abin da ta aikata."

Wata yarinya a layin baya ta ce wa saurayinta ita dama tun farko matar take zargi. Godelieve ta ji zuciyarta na tafasa, ta kuma ji kunya irin ta wadda aka tuɓe a kasuwa. Haka ta zauna har fim ya ƙare.

Fitilu suka dawo, aka ɗauki tafi. Annelies, wadda ta shirya taron, ta iso da furanni ta danƙa mata.

"Madam, ko kalma biyu ce. Kowa na tambayar inda mijinki ya samo waɗannan hotuna."

"Ba ni minti ɗaya, 'yar nan."

Ta kama rigar Cyriel ta jawo shi zuwa bakin ƙofa. Sandarsa kawai yake kallo.

"Ka sani."

"Duk mun sani. Ai da bakinsa ya gaya mana, a wurin ɗauka. Ya ce ya samu na gaske, ba irin na ƙirƙira ba."

"Maganar likitan fa? Wa ya rubuta?"

"Marubucin ya kawo wata daban. Wannes ya ce wannan ta fi."

"To me ya hana ka buɗe baki, duk shekarun nan da nake ta yawo a kan gwangwanin?"

"Ke ana iya tare ki? Kuma mijinki ya mutu, na ce a bar miki shi yadda kika san shi."

"Dierickx fa? Tsada ce ta sa ya yanke, ko tsawo, kamar yadda aka gaya min?"

"Wace tsada? Ai an riga an ɗauka. Matarsa ce ta zo gaisuwar Joris, ta gaya masa halin da ta same ki. Da ya ji mafarkin naki ne, ya ce ba a yi wa mace haka a kamfaninsa. Wannes ya yi rantsuwa, ya yi barazanar kotu, har kujera ya jefa. Dierickx bai ko motsa ba." Ya ɗan yi murmushin da bai kai ido ba. "Kina wuce shi a titi kina ɗauke kai, shi kuma yana cire miki hula."

Daga ciki Annelies ta kira sunanta a lasifika, tafi ya sake tashi. Godelieve ta dubi furannin da ke hannunta, ta gyara takardar da aka naɗe su, ta ɓalle maɓallin jakarta ta ciro katin shiga bas.

"Cyriel," ta ce, "a wace maƙabarta aka binne Dierickx?"