Safar Hannun Mai Aski

Dogo mai aski ya daɗe yana riƙe da kujerar bakin taga kafin fatarsa ta fara yi masa tsiya. Yatsunsa suka yi dabbare-dabbaren fari, kamar ya tsoma su a fenti. Bai gama da wannan ba, gashin ƙeyarsa ya zube a wuri ɗaya, sumul. Nan fa masu jiran layi a benci suka samu abin yi, wannan ya ce makero ne, wancan ya ce kuturta. Kowa ya zama likita a zaune.

Likitar fata kuwa ta yi masa bayani dalla-dalla. Akwai 'yan aike a cikin jini masu kai wa sojojin jiki saƙo. Nasa 'yan aiken tsegumin ƙarya suke kaiwa, sojojin su far wa launin fata, su far wa saiwar gashi. Tushen ciwon biyu ɗaya ne, kuma ba mai ɗauka a jikinsa.

Dogo ya kwashe bayanin nan ya faɗa wa mai shago. Mai shagon ya saurara, ya ce, "Na yarda, Dogo, amma kwastoma ba likita ba ne. Ka sa hula da safar hannu, ko ka bar min kujerata."

Dogo ya sa, ransa na ƙuna. To amma mai aski da yatsa yake gani, sai ya shafa fata ya ji ƙurji kafin reza ta isa. A cikin roba kuwa lalube kawai yake. Rannan yana yi wa wani direba gyaran fuska, reza ta datse ƙurji a ƙarƙashin haɓa, jini ya ɓata kumfa. Rabonsa da fitar wa mutum jini tun yana koyo. Kunya da haushi suka taso masa lokaci guda.

Ya tuɓe safar ya wurga a kwandon shara, ya cire hular ya ajiye.

"Dogo, ka san abin da na ce," in ji mai shago.

"Na sani, maigida."

Ya ɗaga hannayensa a gaban direban. "Malam, ga su nan, ba sa cutar kowa. Ko in ƙarasa maka da su, ko ka fita da rabin gemu."

Direban ya daɗe yana kallon yatsun, sannan ya jingina kai ya rufe ido. Mai shago ya waiga benci, ya ga ba wanda ya tashi, ya koma kan aikinsa.

"Ka bi a hankali," in ji direban, "akwai wani ƙurjin ta hagu."

"Na ji shi," Dogo ya ce, ya ɗauki reza.