An Yafe wa Jan Layi

"Muna godiya da haƙurinka. Kada ka ajiye waya."

Matar da ke cikin wayar ta maimaita wannan magana ya fi a ƙirga, ba ta ja numfashi ba, ba ta ƙosa ba. Da farko Jan Layi ya riƙa amsa mata da "Ba komai, 'yata," har sai da ya gane ba mutum ba ce. Kunya ta ɗan kama shi, ya waiga ko wani ya ji. Ba kowa a falon sai agogon bango da kujeru uku da suka daɗe ba su ɗauki nauyin kowa ba.

Takardar banki tana kan gwiwarsa. An ci shi tarar makara a kan katinsa na bashi. Kuɗin bai taka kara ya karya ba, bai fi na cefanen yini guda ba. Kalmar ce ta tsaya masa a wuya.

Duk shekarun aikinsa a ƙofar masaƙa ya yi su, shi ne mai kula da lokacin shigowar ma'aikata. Da an buga ƙararrawa sai ya ɗora rula a kan littafin sa hannu ya ja layi da jan biro, duk wanda ya sa hannu a ƙasansa an yanke masa wani abu a albashi. Nan ya samo sunan, har jikokinsa ba su san yana da wani ba. Amma dokarsa a fili take: muddin ƙafarka ta shigo ƙofa kafin ƙararrawa, ba ka makara ba, ko da jerin masu sa hannu ya kai bangon sito. Zai riƙe rularsa a sama ya jira na ƙarshe. An tsane shi, amma ba wanda ya taɓa cewa ya zalunce shi. Shi kansa kuwa, har masaƙar ta mutu aka mayar da ita wurin ajiye tayoyi, bai taɓa sa hannu a ƙasan layi ba.

Katin kyautar 'ya'yansa ce. Bayan rasuwar uwarsu sun yi doguwar shawara a waya a kan wanda zai ɗauke shi ya koma gidansa. Kowa yana so, kowa kuma yana da dalili. A ƙarshe babban, wanda ake ce wa Injiniya, ya kawo mafita: a buɗe wa Baba kati, ya sayi duk abin da ransa yake so. Abin da ransa yake so ba a sayar da shi a kanti, don haka magani kawai yake saya da katin. Ranar ƙarshe ta wa'adi, wadda ita ce washegarin shigowar fansho, sai ya sa kuɗin a ambulan ya kai banki da ƙafarsa ya biya tas, don kada ko sisin kuɗin ruwa ya hau kansa.

Kiɗan da ke cikin wayar ya yanke.

"Barka da rana. Da wa nake magana?"

Muryar saurayi ce, har da ɗan tari. Jan Layi ya gyara zama. Yaron ya tambayi lambar kati da ranar haihuwa, sannan ya ce, "Sunan mahaifiyarka fa?"

An yi shekaru ba wanda ya tambaye shi mahaifiyarsa. Ya faɗi sunan a hankali, ya ƙara da, "Allah ya jiƙanta. Mace ce mai tsare lokaci, ita ta—"

"Amin, Baba. To, na'ura ta nuna kuɗinka ya shiga washegarin wa'adi."

"Ƙarfe uku na shiga bankinku. Taga shida gare ku, mutum ɗaya ke aiki. Ina ciki aka kulle ƙofa."

"Duk kuɗin da aka karɓa bayan ƙarfe huɗu, na washegari ne."

"To kuɗin ne ya makara ko ni?"

"Baba, a wurinmu duk ɗaya ne."

"A wurina ba ɗaya ba ne, yaro. Jerin mutanen nan naku ne, ba daga gida na zo da shi ba."

Yaron ya yi 'yar dariya, sai ya tuna ana naɗar maganarsa, ya haɗiye ta. Ya ce zai buɗe masa ƙorafi, ya karanto wata doguwar lamba. Daga nan matar da ba ta numfashi ta dawo, ta nemi ya auna gamsuwarsa daga ɗaya zuwa biyar. Bai gamsu da komai ba. Amma yaron ya ce amin. Ya danna biyar.

* * *

Yana da shaida, shi ya sa washegari ya goge takalmi ya nufi bankin. Dogo mai gadi ya gan shi ranar. Kowane wata sai sun tsaya a bakin ƙofa sun yi hirar ciwon gwiwa, Dogo yana zolayarsa da cewa da shi ake saita agogon banki.

Wani ne daban a ƙofar, da riga mai wani launi.

"Ina Dogo?"

"Wane Dogo?"

"Mai gadin nan. Dogo, siriri, yana ɗan ɗingishi."

"An canza kamfani, Baba. Ɗaga hannunka." Ya shafa masa sandar bincike a ƙirji da baya, ta yi ƙara a kan makullin gida.

A ciki komai yana nan yadda ya bar shi: tagogi shida, biyar a rufe da labule, da na'urorin cire kuɗi biyu a jikin bango, ɗaya an manna mata takardar ban haƙuri. Da ya kai gaban yarinyar da ke karɓar kuɗi, ya cire hula don ta gan shi sosai.

"'Yata, kin tuna ni? Ranar da aka kulle ƙofa muna ciki, har na ce miki Allah ya ba da lada."

Ta dube shi da idon da ya gaji tun safe. "Baba, mutum nawa nake gani a rana? Don Allah ka ga manaja."

Manajan bai kai sa'ar autar Jan Layi ba. Ofishinsa sanyi ƙalau, an jera kofunan yabo na kula da abokan hulɗa. Ya saurari labarin da ladabi, ido ɗaya a kan Jan Layi, ɗaya a kan kwamfuta.

"Na fahimta ƙwarai, Baba. Da ta waya ka biya, da duk wannan bai faru ba."

"Da ta waya na biya, da ban ga kowa ba."

Manajan ya yi murmushi, ya ɗauka wasa ne.

Jan Layi ya nuna kyamarar da ke saman ƙofa. "Ga wancan idon naku. A duba shi, zai nuna lokacin da na shigo."

"Hoton sati biyu kawai take ajiyewa."

"Takardarku kuwa sai bayan sati uku ta iso."

"Haka tsarin yake. Kuma gaskiya ba don irin wannan aka sa ta ba. Ta ɓarayi ce."

"Ashe da sata na yi da an tuna da ni."

"Haba Baba!" Manajan ya yi dariya sosai wannan karon. Sannan ya bayyana masa cewa reshe ba ya cire tara, ba ya sa ta, daga babban ofis take zuwa.

"Wa zan gani a can?"

"Ba a zuwa. Kira ake yi."

"Na kira, sun ce na'ura ce."

"To ka gani," in ji manajan, kamar wanda aka gaskata. Ya miƙe ya raka shi har ƙofa, ya ba shi kalanda kyauta.

* * *

Ranar hutun ƙarshen mako Injiniya ya kira, daga can ƙasar da sai an lissafa awoyi kafin a neme shi. Fuskarsa rabi ce kawai a allon wayar, sauran rufin mota ne.

"Baba, ya jikin? Ana shan magani?"

Jan Layi ya kwana biyu yana shirya labarin. Ya faro daga tagogi shida. Bai kai ga kulle ƙofa ba yaron ya katse shi.

"Nawa ne duka? In turo yanzu."

"Ba kuɗi nake nema ba."

"To mene ne?"

"An rubuta na makara. Ban makara ba."

"Baba, don Allah! A kan ɗan wannan ka shiga rana har banki, da hawan jininka? Bar min, ni zan yi maganin abin. Ga fitilar hanya ta ba mu hannu, sai anjima."

Kafin la'asar labari ya isa zauren hirar iyali na waya. Auta ce ta fara, da saƙon murya, tana dariya har tana shaƙewa: "Jama'a, ku zo ku ji! Yau an ja wa Jan Layi layi! Baba, sai ka koma gida, an yanke maka rabin yini!" Fuskoki masu dariya da hawaye suka yi ta zubowa, daga 'ya'ya, daga surukai, har da jikan da bai taɓa gaishe shi da bakinsa ba. Rabon da a yi maganarsa haka a zauren tun ranar da aka yanke shawarar kati.

Ya daɗe yana neman abin da zai rubuta. Daga baya ya tura musu fuska ɗaya mai dariya, ya kifa wayar. Da uwarsu tana nan, da ta ce, "Ƙarya suke, Malam, kai da ko ranar aurenmu ka riga limami zuwa." Ba ta san komai a kan banki ba, amma da ta faɗa, kuma da ya wadatar.

* * *

Amsar ƙorafin ta zo a saƙon waya. Bankin yana farin cikin sanar da shi cewa, bisa la'akari da shekarunsa, an yafe masa tarar makara, sau ɗaya tak. Ana fatan zai kiyaye gaba.

Ya sa tabarau ya sake karantawa. An yafe. A masaƙa shi ma yakan yafe, ga wanda matarsa ta haihu da asuba ko wanda kekensa ya yi faci, ya kuma san wanda ake yafe wa: mai laifi.

Ya sake kira. Matar ta gode masa da haƙurinsa har shayinsa ya huce. Wata yarinya ce ta ɗauka, ba yaron nan mai tari ba. Ya tambaye ta yaron, ta ce suna da yawa.

"Na ga an riga an cire maka tarar, ranka ya daɗe. Ina taya ka murna."

"Ba yafiya na nema ba. Ku mayar da tarar in kuna so, zan biya. A rubuta dai cewa ban makara ba."

Ya ji tana danne-danne.

"Wato kana so a mayar maka da tarar?"

"Ina so mutum ɗaya ya ce ƙafata tana ciki kafin ƙarfe huɗu."

"Ai ba ni da wurin rubuta wannan, Baba. An rufe ƙorafin. Kuma ba a buɗe ƙorafi a kan abin da aka riga aka yafe. Akwai wani abin da zan taimaka maka da shi?"

Ya yi tunani. Akwai, da yawa ma. Ya ce, "Babu, 'yata. Allah ya ba da lada."

* * *

Ranar wa'adi ta zagayo. Tun jajiberi ya goge riga, ya sa kuɗin a ambulan. Wannan karon da buɗe ƙofa zai shiga, kuma zai tambayi sabon mai gadin sunansa da inda yake masa ciwo, don a samu wanda zai shaida.

Yana ɗaure igiyar takalmi wayar ta yi ƙara sau biyu. Saƙon farko na banki ne: an cire kuɗin kati daga fanshonsa kai tsaye, ana godiya da biya a kan lokaci. Na biyu na Injiniya ne, wanda tun farko da sa hannunsa aka buɗe asusun: "Baba, na gyara. Daga yau na'ura za ta riƙa biya da kanta. Ba sai ka ƙara fita ba."

A zauren iyali ya turo saƙon, nan da nan Auta ta sa hoton tafi.

Jan Layi ya ƙarasa ɗaure ɗaya takalmin, tunda ya riga ya fara. Ya buɗe ƙofar falo ya bar ta a buɗe, ya zauna a kujerar da ke kallon agogo, ambulan a kan gwiwa. Rana ta shigo ta taga, ta bi ta kan kujerun nan uku ɗaya bayan ɗaya, ta hau bango inda ya rataye kalandar banki. A titi motoci suna ta wucewa, kowa yana sauri zuwa inda ake jiransa.

Da agogo ya buga huɗu ya miƙe, ya leƙa waje dama da hagu kamar yadda yakan yi a ƙofar masaƙa, ko akwai mai tahowa da gudu. Sannan ya tura ƙofar ya sa sakata.

Ba wanda ya makara. Ba ma wanda ya zo.