Sunan da Baffa Ya Kira a Cikin Mota

Mai keken bai gama tsayawa ba Munawwara ta dire. Gefen mayafinta ya maƙale a ƙarfen kujera, ta fizge shi har ya yage, ko kallon wurin ba ta yi ba. Ta miƙa masa kuɗinsa, ta kutsa layin masu waya na cikin kasuwa tana tambaya, ina shagon Bilyamin mai shafin nan na Fesbuk? Duk wanda ta tambaya sai ya dubi fuskarta tukuna, sannan ya nuna gaba da hannu.

Ba banza ta bar 'yan aji huɗu da rubutu a allo ta fito da tsakar rana ba. A lokacin tara ne malamar da suke tebur ɗaya ta miƙo mata waya, ta ce, "Munawwara, wannan ba babanku ba ne?"

Shi ne kuwa. Alhaji Bubayaro dillalin shanu, wanda 'ya'yansa suke kira Baffa, yana zaune a kujerar baya ta bas ɗin da ta taso daga Damaturu jiya Litinin. Kunnensa ya yi nauyi shekara biyar ke nan, don haka ba ya iya waya sai a sifika, ya kai ta bakinsa yana ɗaga murya. A bidiyon ihu yake yi, hularsa ta faɗi, hawaye na bin gemunsa. A saman hoton kuma marar kunyar da ya ɗauka ya rubuta: "Irin waɗannan tsofaffin ne suke hana mu sakat a motar haya. Waya a sifika, ihu kamar a garke. Ya kamata a kafa doka."

Ƙarar inji ta danne muryar da ke ɗaya ɓangaren, don haka babu wanda ya ji abin da ake gaya wa tsohon. Wani bawan Allah ne ya tsinci wayar ɗan tsohon a bakin titi, bayan tifa ta bi ta kan ƙafar ɗan, ya kira lambar da ya gani a sama. Abin da kawai ake ji shi ne muryar Baffa tana fashewa: "Nuraddeen! Ku ba ni Nuraddeen!"

To, wanda bai san gidan ba zai ce mene ne a ciki, uba ya kira ɗansa? Nuraddeen ɗan fari ne. Shekararsa talatin da takwas a duniya, Baffa bai taɓa buɗe baki ya faɗi sunansa ba. "Wancan" yake ce masa, da ya yi aure ya tare a unguwar Dogo Nini kuma sai ya koma "na Dogo Nini". Ko baƙo aka yi mai wannan suna, sai Baffa ya ce "mai sunan wancan". Haka ya taso ya ga iyayensa suna yi tun suna daji da shanu, kuma zaman gari bai rage masa komai ba. Mutumin da ko ruwa ba ya sha a gaban surukinsa, shi ne yau yake kuka da majina a wayar mutum dubu huɗu.

Kuma gobe Laraba, ranar kasuwar shanu. Duk ƙananan dillalan nan manyan wayoyi gare su. Ɗaya ne kawai zai matso rumfar dattawa ya ce, "Alhaji, ka ga kanka?" Munawwara ta san halin ubanta. Ba zai yi faɗa ba, ba zai ce komai ba. Zai naɗe buzunsa ya koma gidansa a unguwar Yindiski, kuma ƙafarsa ba za ta sake taka kasuwar nan ba har ya mutu.

Abin da ya ƙara ƙona mata rai shi ne maganganun da aka jera a ƙasan bidiyon, sun fi ɗari uku. Wasu suna cewa duk mai waya a sifika a sauke shi a daji. Wasu suna cewa a'a, mai ɗaukar mutane a ɓoye ne ya kamata a ɗaure. Wasu kuma suka taso musu, wai kun fara ko, daga nan sai a toshe bakin kowa da sunan tarbiyya. Har da wani mai dogon Turanci yana kawo yadda ake yi a jiragen ƙasa na Turai. Kai, mutane! Cikin su duka ba a samu mutum ɗaya da ya tambayi abin da ya sa tsoho yake kuka ba.

Tun a keke ta kira Meram, ƙawarta ta sakandare wadda ta zama lauya. Meram ba ta ɓoye mata ba. "Gaskiya da wuya, ƙawata. Ba ƙarya ya yi masa ba, ba barazana ba. Kuma ko za a kai ƙara, Baffa ne mai ƙara, ba ke ba. Sai an zaunar da shi an nuna masa, ya ce e, ni ne." Munawwara ta yi tsaki ta kashe wayar, ko sallama babu.

Ta tarar da Bilyamin yana manna gilashi a fuskar wata waya. Ba yaro ba ne, zai kai talatin, da ɗan gemu a gyare da ƙamshin turare. Ya ɗago da fara'ar 'yan kasuwa.

"Hajiya, sannu da zuwa. Caja ko gilashi?"

"Kai ne ka ɗauki tsoho a motar Damaturu jiya?"

Fara'ar ta ragu. "E, ni ne. Lafiya?"

"Ubana ne. Ka goge shi yanzu."

Ya ajiye wayar, ya gyara zama, irin na wanda ya saba wannan gardamar. "Hajiya, ki yi haƙuri, amma ni ban zagi kowa ba. Ban ma san sunansa ba. Matsala ce ta al'umma na nuna. Ke ba a taɓa damunki a mota ba? Wannan yana wa'azi a waya, wancan yana waƙa, wata tana faɗa da mijinta kowa na ji. Mun biya kuɗin kujera kamar kowa."

"Sai ka taɓa kafaɗarsa ka ce, Baba, rage murya. Bakinka ciwo yake yi?"

"Motar haya ai wurin jama'a ce. Abin da mutum ya yi a bainar jama'a..."

"Ka san abin da ake gaya masa a wayar?" Ta matso kusa da shi. "Ɗansa ne tifa ta taka. Yana can asibiti da ƙarafa a ƙafa. Shi ne abin dariyarka."

Mutane sun fara taruwa a bakin shagon. Ta gefen ido ta ga wani mai jar riga ya ɗaga waya a hankali yana saita ta. Ta juya gaba ɗaya.

"Ɗauke ni! Don Allah ɗauke ni ka gani! Wallahi sai na niƙa ta a ƙasa, in ya so ka kai ni inda za ka kai ni."

Mai jar riga ya sauke hannu, ya shiga duba allon wayarsa kamar saƙo yake karantawa.

Bilyamin kuwa jikinsa ya ɗan yi sanyi. "Inna lillahi. Wallahi ban sani ba, Allah ya ba shi lafiya." Can sai idonsa ya yi haske. "To ga shawara, Hajiya. Bari in bar shi, in ƙara bayani a sama cewa ga abin da ya faru. Mutane su yi masa addu'a. Kin ga sai ya zama darasi, ya ma fi yaɗuwa."

Ya ma fi yaɗuwa! Nan idonta ya rufe. Ta so ta gaya masa cewa ba ihun ba ne, ba ma kukan ba ne, sunan ne. Amma ta yaya za ta tsaya a tsakiyar kasuwa, gaban mutum ashirin, ta tona abin da Baffa ya yi shekara talatin da takwas yana rufewa? Sai ta ɗauko abin da ta san ba ta da shi.

"Ka san dokar laifukan intanet?"

Ya yi 'yar dariya, amma ba ta kai ciki ba. "Kowa ya ji haushi sai ya ce doka. Da ita ake rufe bakin talaka."

"Na yi magana da lauyata ina hanya. Takarda tana rubuce." Ƙarya take yi, kuma ko gezau muryarta ba ta yi ba. "In na bar shagon nan bidiyon yana nan, ba gida zan nufa ba. Ka san yadda abin yake. Yau za a zo a ɗauke ka, a kwashe wayoyin nan duka a ce shaida ne, har da na mutane da suka kawo gyara. Kafin a gano ko kana da laifi ko ba ka da shi, ka yi sati a ciki."

Ya sani kuwa. Bara aka kama wani abokinsa a kan rubutun da ya yi game da kwatar unguwarsu, ya yi kwana tara a rufe. Ita ma Munawwara ta sani, don tana cikin waɗanda suka rubuta a lokacin cewa wannan zalunci ne, ba a ɗaure mutum don ya yi magana. Ta tuna, abin ya ɗan sosa mata rai, ta danne. Yau ba ranar wannan ba ce.

Wani dattijo mai shagon kusa ya leƙo. "Bilyaminu, goge mana. Uban wani ne."

Bilyamin ya ɗauki wayarsa yana huci. "Shi ke nan. Amma ki sani, abin da kika yi ɗin nan shi ne abin da manya suke yi mana."

"Na ji. Goge."

Ya goge daga shafin, bidiyon da maganganu ɗari uku da 'yan kai suka tafi tare. Ba ta motsa ba.

"Na cikin wayar."

Ya goge.

"Da inda suke taruwa bayan an goge. Kada ka mayar da ni 'yar ƙauye."

Ya buɗe nan ma, ya goge a gaban idonta. Ta sa ya nuna mata bai tura wa kowa ba. Sannan ta gyara yagaggen mayafinta ta ratsa mutane ta fita, a karon farko tun safe ta ja numfashi har ƙasa.

Bayan la'asar ta isa asibiti. Baffa yana zaune a kan buzunsa ƙarƙashin bishiyar maina, nesa da ƙofar ɗakin maza, da carbi a hannu. Tun jiya yake nan, kuma bai shiga ba. Ta durƙusa ta gaishe shi, tana leƙen fuskarsa. Babu komai a cikinta sai gajiya. Bai sani ba. Alhamdu lillahi, bai sani ba.

"Shiga ki duba wancan," ya ce da ƙarfi, yadda masu nauyin kunne suke yi. "An ce ya farka. Ki ce ya ci abinci."

Nuraddeen yana kwance a gado na ƙarshe, ƙafarsa a rataye, fuskarsa a kumbure ta gefe ɗaya. Matarsa ta fita neman ruwan zafi. Wayarsa mai fasasshen gilashi tana kan ƙirjinsa.

"Hamma, ya jiki?" ta ce, da sunan da ƙannensa suke kiransa.

"Da sauƙi." Ya yi mata alama ta matso. Ya rage murya, ya dubi taga, wajen da bishiyar take. "Munawwara, wani ma'aikaci a nan ya ce ya ga Baffa a waya da safe. A mota. Ya ce... wai ya kira sunana."

Ta dubi wayar da ke kan ƙirjinsa.

"Tun azahar nake nema," ya ce. "Ya nuna mini shafin, amma babu. An ce an goge. Ke kina da shi?"

"Ba ni da shi, Hamma."

"Ba ki sauke ba?"

Ta girgiza kai. Wataƙila akwai wanda ya sauke a garin nan. Amma kafin ta same shi sai ta bi mutane ɗaya bayan ɗaya tana tambayar wa ya ajiye kukan ubanta, kuma gobe Laraba.

Nuraddeen ya daɗe yana kallon silin. Ƙato guda, uban 'ya'ya huɗu, leɓensa yana rawa kamar na yaron da aka hana fita.

"Amma kin gani?"

"Na gani."

"Yaya ya faɗe shi? Nuru ya ce, ko duka?"

"Duka. Nuraddeen."

"Sau ɗaya?"

"Sau huɗu," ta ce.

Ya gyaɗa kai a hankali, ya juya fuskarsa wajen bango. Ta zauna a bakin gadon, ta buɗe kwanon abincin, ta rasa ta inda za ta ce masa ya ci.