Gwiwar Hagu ta Nu'man

Ni Garga mahauci ne a unguwar Briqueterie da ke Yaoundé. Shekara talatin da ɗaya ina sayen shanu, kuma ban taɓa duba haƙoran sa ba sai na fara kallon tafiyarsa. Ƙwallon kwando kuwa wallahi ban san kanta ba, in ba don Nu'man ba, ɗan ƙanwata Aisatu, wanda ya miƙe kamar gwanda har sai ya sunkuya yake shiga ƙofar gida.

Ranar da wata ƙungiya a Amurka ta zaɓe shi cikin sababbin 'yan wasa, unguwa ta ɗauka. Numéro quarante-sept, wato shi ne na arba'in da bakwai a zaɓen, in ji samari, kamar sun san ma'anarsa. Aisatu ta raba waina har unguwannin Messa da Madagascar. Ni kuma tun ranar na zama wani iri. Bayan azahar, in ciniki ya lafa, hayaƙin masu tsire ya fara lulluɓe titi, sai in jingina da teburina in lumshe ido. In ga Nu'man a wani ɗaki mai faɗin filin Idi, ƙasan katako yana ƙyalli, ya tashi sama da ƙwallo ya ƙi saukowa. Dubban mutane suna ta kiran sunansa suna karya shi. Har kaina nakan gani a kujerar gaba, cikin farar riga da babu ɗigon jini ko ɗaya. Sai wata ta buga tebur tana neman rabin kilo, in farka.

Bayan sati uku ƙungiyar ta turo mutum ya duba shi. Sunansa Ilyas, mutumin Garoua da ya daɗe a waje, Hausarsa da ɗanɗanon Fulatanci. Abin da ya rubuta musu shi zai yanke ko Nu'man ya hau jirgi bana ko ya zauna.

Na rufe tebur na bi su filin wasa. An yi ruwa da safe, hazo bai gama barin duwatsun Yaoundé ba, siminti kuma yana ta tururi. Ilyas ya auna tsawon Nu'man, ya sa shi buɗe hannu ya auna daga yatsa zuwa yatsa, ya rubuta. Sai aka fara wasa. Kai, jama'a! Yaron nan kamar ba ƙasa yake takawa ba. Ƙwallo tana barin hannunsa a hankali, ta yi tafiyarta cikin tururin nan, ta shige raga ko ƙara babu. Kowa ya ɗaga kai sama. Ni kaɗai, da mugun sabona, idona yana ƙasa.

Duk lokacin da ya sauko, ƙafar dama ce ke fara taɓa ƙasa. Ta hagu sai ta ɗan jira, ƙiftawar ido kawai, kamar mai gwada ruwan zafi. Na ce wa kaina tsufa ne, ido ya fara yaudara. Na kalli gajimare, na kalli wata mai sayar da gyaɗa, na dawo. Sau tara na ƙirga, sau tara ta jira.

Ilyas ya zo ya zauna kusa da ni yana murmushi. Ya ce hannun yaron da laushi, yana ganin abokin wasansa ko a bayansa yake, jiki ne kawai zai ƙara, nan da shekara uku duniya za ta san shi. Da ya ji sana'ata sai ya yi dariya.

"To Baba, da a ce sa ne, za ka saya?"

Wasa yake yi, na sani. Da na ce e, shi ke nan, jirgi ya tashi. Aisatu tana can gefe da sabon mayafi tana share hawayen murna. Amma na sha ganin bijimin da aka koro da ƙafa irin wannan, na san a inda yake durƙushewa, can tsakiyar hanya inda babu nasa.

Na ce, "Zan saya. Amma ba zan kora shi da ƙafa ba, a mota zan sa shi."

Dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. Ya tambaye ni wacce ƙafa, na ce hagu. Ya buɗe littafinsa ya rubuta, kuma kafin mu watse ya sanar cewa tafiya ta tsaya sai likita ya ɗauki hoton gwiwar.

Aisatu ta wanke ni tas a gaban mutane. Ta ce hassada ce, ta ce na haɗa ɗanta da dabba, ta koma sayen nama a kasuwar Mokolo. Raina ya ɓaci. Kwana uku ina jingina da tebur ina lumshe ido, ɗakin nan mai ƙasan katako ya ƙi zuwa.

A rana ta huɗu bayan la'asar inuwa ta rufe teburina. Nu'man ne. Bai gaishe ni ba. Ya zauna a kan benci, ya miƙe ƙafar, ya naɗe wando.

"Kawu, tunda idonka ya gani, hannunka ma ya ji."

Na wanke hannu sau biyu da sabulu, na durƙusa. Gwiwar da zafi rau, kuma da na danna sai na ji ruwa yana gudu a ƙarƙashin babban yatsana. Ya ce tun azumi take haka, yana ɗaure ta cikin dogon wando don kada kowa ya gani. Ban taɓa jin baƙin cikin yin daidai irin na ranar ba.

"Kawu, za ta gyaru?"

"Ban sani ba, ɗana. Ni ban taɓa gyara ƙafa ba."

Ya juya yana kallon taksi suna wucewa. Bai janye ƙafarsa ba, ni ma ban ɗauke hannuna ba.