Injin da Ƙwai Ya Zaɓa

Duk wanda ya sa zoben azurfa a Tsafe cikin shekara arba'in da suka wuce, da wuya a ce zoben bai ratsa hannun Malam Badamasi ba. Maƙerin fari ne, ɗan maƙerin fari, kuma mai taurin kai irin wanda in ka ce masa rana ta fito sai ya leƙa waje ya tabbatar. Amma tun bara hannunsa na dama ya fara rawa. Da farko ya ce sanyi ne, daga baya ya ɗora wa shayi laifi. Ranar da ya fasa duwatsun gilashi uku a jere yana ƙoƙarin danne musu bakin zobe, sai ya daina cewa komai.

Ana cikin haka Inna Dije ta zo, wata dattijuwar Bafulatana daga wata ruga a bayan Bungudu. Ta kwance gefen zanenta ta fito da dutsen aƙiƙ guda ɗaya, ja, bai fi farce kauri ba. Shi ne na tsakiyar sarƙar mahaifiyarta. Sauran duk sun watse ranar da suka bar tsohuwar rugarsu a guje. So take a ɗora shi kan zoben azurfa ta ba ɗiyarta Mairo.

"An ce mini kai kaɗai ka iyawa," in ji ta.

Da mutum ne mai sauƙin kai, da ya nuna mata hannunsa. Sai ya ce ta dawo bayan mako biyu. Da ta tafi ya zauna ya yanke wa kansa hukunci: in ya fasa wannan dutse, ko ya mayar mata da shi bai ɗora ba, to ya rufe maƙera har abada. Tsoro ya kama shi sosai, don bai san wani Badamasi ba sai mai ƙira.

Kwana huɗu yana kallon dutsen bai taɓa shi ba. A na biyar Suwaiba, ɗiyar ƙanwarsa, ta zo gaishe shi daga Gusau, inda take aikin haɗa haƙoran roba. Ta dubi dutsen, ta dubi hannun, ba ta yi masa jaje ba don ta san hali.

"Kawu, gobe mu tai Gusau ka ga wani abu."

"Mi ad da Gusau wanda ban gani ba?"

Ya yi ta mita, amma da safe shi ya riga ta shiga mota.

Shagon da ta kai shi na wani Tajuddeen ne, mai sayar da kayan aikin hannu. Ya jera masa injuna uku masu juyi a kan tebur. Na farko ƙato ne, kamar zangarniyar masara, ana riƙe shi gaba ɗaya a hannu. Na biyu siriri ne mai batir. Na uku kuwa rataye yake a ƙugiya, wata doguwar igiya ta ƙarfe mai lanƙwasa ta sauko daga gindinsa ta ƙare da ɗan mariƙi kamar alƙalami, ga kuma feda a ƙasa irin ta keken ɗinki.

Malam Badamasi ya yi abin da ubansa ya koya masa, abin da kowane maƙeri ke yi in zai sayi guduma ko awartaki: ya ɗora kowanne a tafin hannu ya auna. Mai batir ɗin ya ajiye shi da sauri, ya ce abin wasan yara ne. Mariƙin na rataye ma bai ko tsaya kansa ba. Da ya ɗaga ƙaton sai fuskarsa ta saki.

"Wanga shi na ƙarfe. A ɗaure mini shi."

"Tsaya tukuna, Kawu," in ji Suwaiba. Ta buɗe jakarta ta fito da ɗanyen ƙwai biyu. "Mu da munka koyi aiki, ba a bari ka kusanci haƙori sai ka rubuta sunanka bisa ƙwai bai hwashe ba. Gwada mu gani."

Ya yi dariyar raini, ya kunna ƙaton. Injin ya yi kururuwa, nauyinsa ya haɗu da rawar hannun, ɗan ƙarfen da ke juyi a bakinsa ya yi tsalle. Kafin ya ce bismilla gwaiduwa ta wanke masa gaban riga. Tajuddeen ya juya yana gyara wani kwali da ba ya bukatar gyara.

Suwaiba ta zaunar da shi gaban na ratayen. Ta sa masa mariƙin tsakanin yatsu, ta kwantar da gefen hannunsa a kan tebur, ta ce ya taka fedar a hankali. Ya taka. Ɗan kan ƙarfen ya fara juyawa sannu, har yana iya ganin haƙoran ƙarfen suna wucewa. Ya ƙara danna ƙafa, juyin ya ƙaru. Ya sassauta, ya ragu. Nauyin duk yana can sama a ƙugiya, ƙarfin yana ƙafarsa, hannun ba abin da aka nema gare shi sai nuna hanya. Kuma hannun da aka sauke wa kaya, aka ba shi wurin jingina, sai ya kwanta.

Ya kai ƙarfen jikin ƙwai na biyu. Farin gari ya tashi kaɗan. Ya ja ba'un ajami, ya ɗiga mata ɗigo a ƙasa, ya ci gaba har ya kai ƙarshen sunansa. Sannan ya ɗaga ƙwan ya duba ta hasken ƙofa. Rubutun ya shiga ɓawon har ana hango inuwar abin da ke ciki, amma ko ɗigo bai tsattsafo ba.

"Ikon Allah," ya ce a hankali. Shekara arba'in yana ganin ƙarfin maƙeri a damtse yake, yau ga shi ya yi aikin da ko yana saurayi bai isa ya yi ba, kuma da ƙafa. Ya daɗe riƙe da ƙwan, ya rasa inda zai ajiye shi. Na ratayen ya saya, ya koma da shi Tsafe.

Ranar alkawari Inna Dije ta iso Tsafe da hantsi, ta ce a gabanta za a yi. Zoben ya riga ya haɗu, ya rarake wa dutsen mazauni daidai shi. Saura aikin da ya fi tsoro, danne bakin azurfar a kan gefen dutsen. Ya cire mariƙin ya sa wani da Tajuddeen ya haɗo masa, wanda maimakon juyi bugu yake yi ƙanana ƙanana. Ya yi bismilla ya taka.

Azurfar ta fara kwanciya, tana rungumar dutsen kaɗan kaɗan. Ya bi gefe ɗaya, ya tsallaka na gabansa, ya dawo. A kusurwa ta ƙarshe, inda dutsen ya fi siranta, ya ƙara sunkuyawa a kansa. Ya sassauta ƙafa har bugun ya zama ɗaya bayan ɗaya, yana jin kowanne a yatsunsa. Sai bakin ya rufe.

Ya goge zoben ya miƙa mata. Inna Dije ta juya shi a rana, jan dutsen ya zubo mata a tafin hannu. Ta sa gefen mayafi ta share ido. Can ta dubi hannunsa, wanda tun da ya saki mariƙin ya koma rawarsa a kan gwiwa, a fili, ba ɓoyo.

"Da wanga hannu kay yi shi?"

"Da shi, Inna."

Ta ɗaure zoben a gefen zane, ta miƙe, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Akwai 'yan kunnen ƙanwata da sunka karye. Ban sani ba ko bayan damina kana nan."

Malam Badamasi ya dubi injin da ke rataye, ya dubi hannun.

"Ki kawo su," ya ce. "Ina nan."