Na Kai Ƙarar Babana

Da tsakar rana na iske Baba a tsohon ɗakin kwantar da mata, wanda aka rufe tun bara saboda rufinsa yana yoyo. Gadaje ne tsirara, ba katifa, ba kowa. Yana tsaye a gefen ɗaya daga cikinsu da farar rigarsa ta likita, ya sunkuya yana sauraro.

"Zazzaɓin ya sauka," ya ce wa ƙarafan gadon. "Gobe sai gida, in Allah ya so."

Ya matsa na gaba, ya yi gaisuwa, ya tambayi lafiyar 'yan biyu. Na san matar da yake nufi. Ina firamare ta rasu, a kan wannan gadon.

Babbar nas ta riƙo hannuna ta baya. "Auta, ƙyale shi. In ya gama zagayensa zai fito da kansa."

"Anti, tun yaushe?"

"An kwana biyu." Ta kawar da kai. "Mu ke gyara abin da ya rubuta kafin ya kai ɗakin magani. Ba wanda ya cutu tukuna."

"Tiyata fa? Ita ma gyarawa kuke yi?"

Ta saki hannuna ta juya ta tafi.

*

Asibitin na Baba ne, rabin unguwar a hannunsa suka zo duniya. Ga matar Yaya da tsohon ciki, jaririn ya kwanta a gicciye, dole sai an yi mata aiki. Yaya ya kafe ba mai taɓa ta sai Baba.

"Duk jikokinsa shi ya karɓa. A kan nawa za a fara cewa ya tsufa?"

"Yaya, matattu fa yake dubawa."

"Ke dai tun kina yarinya bakinki ya fi ki girma."

Mama ba ta ɗaga murya ba. "Tsufa ne, ba hauka ba. Ki rufa wa ubanki asiri."

Ban rufa ba. Na kai ƙara hukumar da ke kula da aikin likitoci, na roƙi a dakatar da shi kafin ranar aikin. Daga nan Mama ta daina amsa gaisuwata. Abin ya yi mini ciwo, don duk gidan ba wanda ya kai ni son Baba.

*

Ranar zaman, Baba na shigowa 'yan kwamitin suka miƙe gaba ɗaya. Shugabansu, mai furfura har a gira, ya rusuna yana "Sannu da zuwa, Malam." Ashe ɗalibinsa ne. Sauran ma haka.

Suka yi masa tambayoyi kamar masu neman gafara. Baba kuwa ya zuba amsa tiryan-tiryan, har ya gyara wa ɗaya kuskure, aka yi dariya. Karatun da ya yi yana saurayi na nan daram. Abin da ya faru jiya ne ba ya zama a kansa. Ba wanda ya tambaye shi yau wace rana ce. Aka kira babbar nas, ta dubi ƙasa ta ce ita ba ta ga komai ba.

"Malam," in ji shugaban, "ga mai ƙara. Kana da abin da za ka ce mata?"

Baba ya juyo ya daɗe yana kallona.

"Wace ce wannan baiwar Allah?"

Wata likita a cikinsu ta girgiza kai. "Kin ji ko? Fushin uba ba abin wasa ba ne. Je ki ba shi haƙuri."

Na san fushin Baba, jijiya ke miƙewa a goshinsa. Ranar goshin sumul yake. Murmushin da yake yi wa sabon marar lafiya ya yi mini, mai taushi, mai jiran a faɗi inda ke ciwo. Na fashe da kuka, suka ɗauka nadama ce. Aka kori ƙarar.

*

Da safen aikin, ana tura matar Yaya a kan gado mai taya, ta cafke yatsuna. Hannunta sanyi ƙalau.

"Auta," ta raɗa, "abin da kika faɗa musu, da gaske ne?"

Kafin in buɗe baki Yaya ya ɓamɓare hannunta daga nawa. "Kar ki tayar mata da hankali."

Aka shige da ita. Na manna fuskata a gilashin ƙofa. Baba na tsaye a tsakiyar ɗakin, an sa masa safar hannu, ya ɗaga hannuwan sama yadda ake yi. Yana waige-waige a hankali, kamar baƙon da ke jiran a nuna masa wurin zama.

Babbar nas ta ɗauko wuƙar aiki ta sa masa a tafi. Sannan ta taho, ba tare da ta dube ni ba, ta ja labule.