Ƙararrawar da Jibo Ya Gyara

Abu ɗaya Barnaba ya roƙi Allah a Jumma'ar nan ta tunawa da mutuwar Yesu: shiru. Shekararsa ta fari ke nan da aka damƙa masa kula da majami'ar Katolika ta unguwarsu a Maraɗi, kuma tsofaffi sun zuba ido su ga inda zai kasa. A al'ada, daga daren Alhamis ƙararrawar majami'a ba ta ƙara kaɗawa sai Ista, ranar bikin tashin Yesu. Don haka ya hau ya naɗe harshenta da tsumma, ya ɗaure tamau.

Amma wa ya ga shiru a Sabon Gari? Babura na ta zarya, ga injin Jibo mai walda, maƙwabcinsu, yana ƙara kamar ana yanka ƙarfe a kunnen mutum. Barnaba ya cije, ya haɗiye.

Mompera Titus, limaminsu, ya ɗaga gicciye. Jama'a suka tuɓe takalma, suka jeru suna durƙusawa suna sumbatarsa. Injin ma ya yi tsit. Barnaba har ya fara godiya.

Sai ƙararrawa ta kece, gau! gau!

Tsohuwa Rifkatu ta waigo ta watsa masa harara. Kunya da haushi suka turnuƙe shi. Ya fita ba takalmi, ƙasa na gasa masa tafin ƙafa, ya tarar da Jibo bisa tsani riƙe da tsumman, yana washe baki.

"Malam Barnaba, na gyara maku! Tun safe ban ji ta ba, ashe yara ne sunka cusa mata tsumma."

"Ni ne yaran! Malam Jibo, wa ya aike ka? Makoki muke yau!"

Jibo ya sauko, fuskarsa ta canja.

"Makoki? Katanga ɗaya ta raba mu, kuna makoki ina ta buga ƙarfe, ba wanda ya ce mini uffan? Haba, Malam Barnaba. Ka maishe ni mutumin banza."



Jibo ya koma sama ya mayar da tsumman, ɗaurin da ya fi na Barnaba kyau. Ya je ya ja ƙofar shagonsa ya rufe, ya zauna bakin titi yana ɗaga wa masu babura hannu su rage gudu.

Barnaba ya koma ciki, ya bi layi daga can baya. Da ya durƙusa gaban gicciye, ko'ina ya yi tsit, har numfashin Rifkatu yana ji.